Yadda Ake Shirya Ba Da Sassan Jiki Bayan Tsayawar Zuciya a Asibitin Ƙaramin Gari

Yawancin mutane idan aka yi maganar ba da sassan jiki bayan rasuwa, abin da ke faɗo musu a rai shi ne majinyacin da ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya, na'ura tana hura masa numfashi, zuciyarsa kuma tana ci gaba da bugawa har zuwa lokacin da za a shiga da shi ɗakin tiyata. Akwai hanya ta biyu, kuma ita ce aka fara bi tun kafin wani kwamiti na Jami'ar Harvard ya fitar da ma'aunin mutuwar ƙwaƙwalwa a 1968: a bar zuciya ta tsaya da kanta, jini ya daina zagayawa, likita ya tabbatar da rasuwa, sannan a ciri ƙoda ko hanta ko huhu cikin gaggawa. An rage bin ta na wasu shekaru, daga baya ƙarancin sassan da za a dasa wa masu jira ya sa aka dawo mata, har ta kai yanzu a Birtaniya kusan rabin mamatan da ake amfana da sassan jikinsu ta wannan hanya ake bi. Ba kowace ƙasa ce ta amince da ita ba. Jamus, alal misali, ba ta yarda ba, saboda haka abin da ya fara wajaba a kan kowane asibiti shi ne ya san abin da dokar ƙasarsa ta ce kafin ya ɗaga ƙafa.

Babbar wahalar wannan hanya ita ce lokaci. Da zarar jini ya daina isa ga ƙoda da hanta alhali jiki yana nan da ɗuminsa, sai su fara lalacewa, kuma da mintoci ake lissafin wannan lalacewa. A babban birni, inda cibiyar dashe take cikin asibitin ko daura da shi, likitocin fiɗa suna kusa. A ƙaramin gari kuwa suna iya kasancewa tafiyar awoyi da dama, ɗakin tiyata ɗaya ne ko biyu, ma'aikatan kuma suna iya yin shekara ba su ga irin wannan aiki ba. Duk da haka ina da yaƙinin cewa ƙaramin asibiti zai iya, domin ba a neman ya iya dashe. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya gane majinyacin da wuri, ya sanar da cibiyar dashe da wuri, ya kuma riƙe iyalin da gaskiya daga farko har ƙarshe.

Wane majinyaci ake magana a kai

A 1995 masana suka haɗu a birnin Mastirik na ƙasar Holan suka kasa masu ba da sassan jiki bayan tsayawar zuciya kashi huɗu: wanda aka kawo asibiti ya riga ya cika, wanda aka yi ƙoƙarin farfaɗo da shi abin ya ci tura, wanda ake sa ran zuciyarsa za ta tsaya bayan an janye na'urorin da ke riƙe da shi, da wanda zuciyarsa ta tsaya bayan an riga an tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwarsa. Kashi na ɗaya da na biyu ba zato suke zuwa, suna buƙatar ayarin ƙwararru a shirye dare da rana, abin da ko manyan birane ba duka ke iyawa ba. Ƙaramin asibiti ya mai da hankali ga kashi na uku, domin shi ne ya fi ba da damar a tsara lokaci.

Majinyacin kashi na uku yawanci mutum ne da ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, ko ta haɗari, ko ta fashewar jijiyar jini a ka, ko ta daɗewa babu iskar oksijin bayan tsayawar zuciya. Yana kwance a sashen kulawa ta musamman, na'ura ce ke numfasa shi, ƙwaƙwalwarsa ba ta cika sharuɗɗan mutuwa ba, amma likitocinsa sun gamsu cewa ba zai farfaɗo ba, kuma ci gaba da jinyar ba ya ƙara masa komai sai tsawaita wahala. Likitan gari kada ya yanke da kansa cewa mutumin ya tsufa ko jikinsa ya gaji. Akwai cututtukan da ke hanawa, kamar ciwon daji da ya bazu, amma cibiyar dashe ce ta san iyakarsu, kuma sau da yawa ƙodar da likitan gari ya raina ita ce za ta raba wani da wankin ƙoda.

Shawara biyu da ba a cakuɗa su

Nan ne amanar aikin gaba ɗaya take, kuma duk asibitin da ya yi sakaci a nan bai cancanci ya shiga ba. Shawarar janye na'ura daban take, shawarar ba da sassan jiki daban. Ta farko likitocin da ke jinyar mutumin ne ke yanke ta tare da iyalinsa, don maslahar majinyacin kawai, kuma da ita za a yi ko da babu maganar dashe a duniya. Ya kamata likita na biyu mai zaman kansa ya duba ya amince, a rubuta a fayil da kwanan wata da lokaci. Sai bayan an gama wannan ake buɗe magana ta biyu. Likitocin dashe ba su da baki a shawara ta farko, ba sa rubuta wa majinyacin magani, ba su ne ke tabbatar da rasuwarsa ba, kuma ba sa taɓa shi sai an tabbatar. Ƙa'idar da kowa ya ginu a kanta ita ce ba a cirar sashen jikin da rai ya dogara da shi sai daga mamaci, kuma cirar ba za ta taɓa zama sanadin mutuwa ba.

A ƙaramin gari wannan rabuwa ta fi wuya, saboda likitan da ke kula da sashen kulawa ta musamman da rana yana iya zama shi ne mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata da dare, kuma kowa ya san kowa. Maganin abin shi ne a rubuta tun kafin buƙata ta taso wane ne zai tsaya a kan wane aiki, har da wanda zai maye gurbinsa idan ba ya nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rubutaccen tsari na shafuka kaɗan, da lambar wayar cibiya manne a bangon ofishin ma'aikatan jinya, da atisaye lokaci-lokaci inda za a tura gado babu kowa daga sashen zuwa ɗakin tiyata ana duba agogo, sun fi amfani a kan kowace na'ura mai tsada. Sifaniya, wadda ta daɗe a sahun gaba a duniya tun bayan kafa hukumarta ta dashe a 1989, ta gina nasararta ne a kan sanya jami'in tsara wannan aiki a cikin kowane asibiti, yawanci likitan sashen kulawa ta musamman, maimakon ta jira manyan cibiyoyi su yi komai.

A buga waya da wuri

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kira cibiya bayan an riga an gaya wa iyali cewa da yamma za a cire na'ura, dangi sun taru, zukata sun shirya. A lokacin sai a tarar ana buƙatar ƙarin awoyi masu yawa, wani lokaci yini guda, kuma iyalin da za su yarda sai su ce ba za su iya jira ba. Lokacin kira shi ne sa'ar da likita ya fara tunanin cewa jinyar ba za ta kai ga sauƙi ba. Kiran bai ɗaure kowa ba, bai kuma sauya jinyar da ake yi ba. Yana ba jami'in cibiyar dama ne ya duba rajista ko majinyacin ya taɓa bayyana ra'ayinsa, ya tantance ko zai dace, ya kuma kama hanya. Idan mutuwar tana da alaƙa da haɗari ko laifi, a nemi izinin hukumar da ke binciken musabbabin mutuwa tun a lokacin, domin rashin wannan izini kaɗai yana iya rushe shirin a minti na ƙarshe.

Zama da iyali

Kada a yi wannan magana a tsaye a baranda. A samu ɗaki, a zauna, a tabbatar iyalin sun riga sun fahimci cewa rasuwa ce ke tafe, domin wanda bai gama karɓar wannan labari ba ba zai iya jin na biyu ba. An fi samun natsuwa idan jami'in da aka horar ne ya jagoranci zaman tare da likita ko ma'aikaciyar jinyar da iyalin suka saba da ita. Tambayar da ta fi dacewa ita ce a kan majinyacin kansa: shin ya taɓa faɗin abin da yake so, kuma da zai iya magana yanzu me zai ce? Wannan yana sauke wa iyalin nauyin jin cewa su ne ke yanke hukunci a kan jikin wani. Shi ya sa duk mai niyyar bayarwa ya kamata ya gaya wa na kusa da shi tun yana da lafiya, bayan rajistar da ya yi, domin ko a ƙasashen da doka ke ɗaukar kowa a matsayin ya yarda sai in ya ƙi, kamar Ingila tun 2020, ana zama da iyali kafin a yi komai.

Akwai abubuwan da dole a faɗa ƙarara, ko da suna da nauyi. Za a ɗaga lokacin cire na'ura har ayarin likitocin fiɗa su iso. Za a ɗibi jini don gwaje-gwaje. Iyali za su iya kasancewa tare da shi har ya cika, amma bankwanan da za su yi bayan cikawar gajere ne ƙwarai. Kuma mai yiwuwa ne a yi duk wannan shiri amma abin bai yiwu ba, idan zuciyar ba ta tsaya cikin lokacin da sassan za su iya jurewa ba. Iyalin da aka ɓoye wa wannan magana ta ƙarshe suna shiga baƙin ciki biyu, kuma a ganina ɓoyewar zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Su ma iyalin suna da haƙƙin tambaya: waɗanne sassa za a cira, za su iya yarda da wasu su ƙi wasu, yaushe za a ba su gawa, kuma za su iya janyewa? Amsar ta ƙarshe ita ce e, har zuwa lokacin da za a fara tiyata. Wanda yake son jin matsayin addininsa a ba shi lokaci ya tuntuɓi malamin da ya amince da shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci don ceton rayayye bisa sharaɗin izinin mamacin kafin rasuwarsa ko na magadansa, ta kuma hana sayarwa, kodayake akwai malaman da suke da wani ra'ayi. Maganar kuɗi ba ta da wuri a ɗakin ko kaɗan: Sanarwar Istanbul ta 2008 da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 duk sun haramta cinikin sassan jiki, kuma bai halatta a ɗora wa iyali kuɗin aikin cirar ba.

Awoyin jira

Bayan an sa hannu, jinya tana ci gaba yadda take, ana kula da numfashi da ƙarfin bugun jini da fitsari. Ana gwada rukunin jini da nau'in ƙwayoyin halittar jiki don a samu wanda zai dace, ana kuma gwada ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Wasu daga cikin gwaje-gwajen nan ƙaramin asibiti ba shi da kayan yin su, saboda haka a san tun farko motar da za ta kai samfurin da direban da zai tuƙa ta. Sau da yawa da dare ake sa lokacin aikin, sa'ar da ɗakin tiyata ya fi zama babu kowa, amma a tanadi abin da za a yi idan aka kawo mai haihuwa da ke buƙatar fiɗa ta gaggawa, domin mai rai da ke cikin haɗari shi ne a gaba. Game da maganin hana daskarewar jini da ake kira hefarin, ƙasashe sun bambanta: a Amurka ana ba da shi kafin rasuwa da izinin iyali, a Birtaniya ba a yi. A bi dokar wurin da ake.

Cire na'ura da mintoci biyar

Ba a cire na'ura sai likitocin fiɗa sun iso, sun wanke hannu, sun jera kayan aiki, ruwan sanyaya sassa yana rataye, ƙanƙara tana nan a shirye. Suna jira ne a ɗakin tiyata, ba sa shiga inda majinyacin yake. Wurin da za a cire na'urar ya danganta da ginin asibitin: idan sashen kulawa yana daura da ɗakin tiyata a yi a can, idan kuwa akwai hawa ko doguwar baranda a tsakani, gara a kai shi wani ɗaki kusa, a rage fitila, a sa kujeru don iyali. Likitan da ke jinyarsa ne yake zare bututun numfashi ya tsayar da magungunan da ke riƙe bugun jini. Maganin rage zafi da na kwantar da numfashi ana ba da su gwargwadon buƙatar majinyacin, daidai yadda za a yi wa wanda ba zai ba da komai ba, ba a ƙarawa don a gaggauta, ba a kuma ragewa don tsoron zargi.

A ware mutum ɗaya wanda aikinsa kawai duba agogo ɗaya ne da rubuta awon ƙarfin bugun jini da na oksijin kowane 'yan mintoci, yana sanar da ɗakin tiyata. Dalili shi ne lalacewar sassa tana farawa tun kafin zuciya ta tsaya. A tsarin Birtaniya ana fara lissafi daga lokacin da lambar sama ta awon jini ta sauka ƙasa da 50, kuma daga nan hanta tana jure kimanin minti 30, huhu kimanin minti 60, ƙoda kuwa har zuwa awa 2.

Idan bugun ya ɗauke, layin na'urar da ke auna jijiya ya miƙe, numfashi ya tsaya, sai a shiga lokacin da babu mai taɓa majinyacin don wani aiki. Likita yana tsaye yana kallo, iyali suna iya riƙe hannunsa. A yawancin ƙasashe minti 5 ne, a Italiya minti 20. Ana yin wannan jira ne don a tabbatar zuciyar ba za ta dawo da kanta ba. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda ya bi majinyata 631 a Kanada da Jamhuriyar Cek da Holan, ya nuna cewa a wasu majinyata zuciya takan ɗan motsa bayan ta tsaya, amma mafi tsawon tazarar da aka gani kafin irin wannan motsi ita ce minti 4 da daƙiƙa 20. Idan ta motsa, sai a sake lissafi daga farko. Bayan mintocin sun cika, likita ya duba ƙwayar ido da sauran alamomi, ya faɗi lokacin rasuwa, ya rubuta. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ta zauna da iyalin kada a bar su su kaɗai sa'ar da aka tura gadon.

A ɗakin tiyata ana buɗe ciki da sauri, a sa bututu a babbar jijiyar jini, a tura ruwa mai sanyi ya wanke jinin ya sauke zafin sassan. Wasu cibiyoyi suna amfani da na'urar da ke mayar da jini mai ɗumi da oksijin zuwa sassan ciki kawai na kimanin awa 2, bayan an toshe hanyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, abin da ke rage lalacewar hanta sosai, kuma a Sifaniya akwai ayarin da ke ɗaukar wannan na'ura zuwa ƙananan asibitoci. Har zuciya ma yanzu ana iya dasawa ta wannan hanya, tun bayan da asibitin St Vincent's na birnin Sidni a ƙasar Ostireliya ya yi hakan a 2014, amma wannan aikin manyan cibiyoyi ne.

Idan lokaci ya wuce

Wasu majinyata suna ci gaba da numfashi da kansu bayan an cire na'ura. Likitocin fiɗa sukan jira awa ɗaya zuwa uku, gwargwadon tsarin ƙasar da sashen da ake so, sannan su tattara kayansu. Wannan ba gazawar kowa ba ce, kuma dole a tanadi gado da ma'aikaciyar jinya tun farko don a mayar da majinyacin wuri mai natsuwa, a ci gaba da sauƙaƙa masa har ajalinsa ya zo. A gaya wa iyalin cewa ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, domin tantanin gaban ido da wasu sassa kamar fata da ƙashi ana iya ɗaukarsu awoyi bayan rasuwa, a wasu ƙasashe har zuwa awa 24.

Bayan tiyata

Nisan gari yana tasiri a kan abin da za a iya amfana da shi. A cikin sanyi zuciya tana jure awa 4 zuwa 6, hanta 8 zuwa 12, ƙoda kuwa tana iya kai yini guda ko fiye, shi ya sa ƙoda ce aka fi samu daga garuruwa masu nisa. Ƙodar da aka samu ta wannan hanya takan yi jinkirin fara aiki, har wanda aka dasa wa ya buƙaci wankin ƙoda na 'yan kwanaki, amma a tsawon shekaru aikinta yana kusa da na wadda aka samu bayan mutuwar ƙwaƙwalwa. A tabbatar mota ko jirgi yana jiran akwatin, ba akwatin ke jiran mota ba.

Ana ɗinke gawa da kyau, a tsabtace ta, a miƙa wa iyali a lokacin da aka yi musu alkawari, kuma a ba su damar sake ganinta a ɗaki mai natsuwa idan suna so. Cikin kwanaki kaɗan a tara ma'aikatan da suka yi aikin, har da masu tura gado, a duba abin da ya tafi daidai da inda aka yi jinkiri, a gyara rubutaccen tsarin, a kuma saurari wanda abin ya taɓa zuciyarsa, domin a ƙaramin gari ba abin mamaki ba ne mamacin ya zama wanda suka sani. Cibiyar dashe takan aiko wa iyali da wasiƙa bayan 'yan makonni tana bayyana sassan da aka dasa ba tare da ambaton sunan kowa ba, kuma ya kamata asibitin ya nemi a aiko masa da kwafi don ma'aikatansa.